Baƙar Wayar Bayan Ƙofa

Talata, 4 ga Maris

'Yar nan, bar wankin nan ki saurare ni yanzu, kafin matar Auta ta dawo. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara.

Jiya da hantsi ɗana Auta yana aiki a falo, ya ce kar a yi masa magana. Wai kamfaninsu na da akwatunan ƙarfe a wani gari, swici suke ce musu, duk saƙo ta cikinsu yake bi. Shi ke tsara musu daga nan ta kwamfuta: saƙon albashi ya bi nan, na waya ya bi can. Ya rufe tsohuwar hanya ke nan zai buɗe sabuwa. Ni kuwa gwiwa ta matsa min, ina son ruwan zafi. Na zare wata baƙar waya a bayan ƙofa, na jona hita. Ban ko zauna ba na ji salatinsa. Ashe ita ke ba intanet ɗinsa wuta. Na mayar da ita da sauri. Ba wanda ya gani.

Laraba, 5 ga Maris

Ofisoshinsu shiru, ba saƙon shiga ba na fita. Sai da ya bi mota ya je can ya gyara da hannu.

Asabar, 8 ga Maris

Maƙwabciyata mai rubuta min tana wurin aiki, yau tela ne ke rubuta min. Shi kuwa bakinsa ya fi kekensa gudu. Rubuta: ina lafiya. Shi ke nan.

Litinin, 10 ga Maris

Yawwa, ke ce. An dakatar da Auta daga aiki.

Abokin aikinsa mai gilashi ya zo. Ya ce, "Mama, ɗanki rufe ƙofa ya yi alhali yana waje." Na ce, to in wuta ce ta yanke a tsakiyar aikin fa? Ya ce ai da ya huta, da an ce ba laifinsa ba ne. Amma sun tambaya, ranar ba a ɗauke wuta a layinmu ba.

Na ce Allah ya kyauta.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba ya cin abinci. Yana zaune yana bin rubutun aikin da ya yi ran nan layi-layi da yatsa. Ya ce, "Inna, na rasa inda na ɓata. Ko kaina ne ya fara taɓuwa?" Sannan ya miƙo min man shafawa na gwiwa. Bai ma manta ba.

Ki ce in faɗa? Ke ba ki ji matarsa ba ne. Tun bara take cewa gidan ya yi mana kaɗan. Shi ya tsaya min. In ya sani, wa zai tsaya?

Lahadi, 16 ga Maris

Ban sake taɓa hita ba. Ruwan sanyi ma ruwa ne.

Laraba, 19 ga Maris

Sun zo sun karɓe kwamfutar, sun ba wani aikin. Ko na yi magana yanzu ba za su mayar da shi ba, mai gilashi ya ce an rufe zancen. Amma har yau yatsansa na tafiya a kan tebur, ba komai a gabansa.

Kayan nan da kika ga na ƙulle, saboda kyankyasai ne. Ban ce zan faɗa ba. Sai dai in kin ga gobe bayan azahar na kira shi ɗaki, kar ki jira ki ji yadda aka ƙare. Yayarsa za ki fara kira. Ki ce ta share min ɗakin nan na baya a gidanta.