Hoton da Ya Wanke Ka

Ya kai sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, Baban yarana,

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ka tattara kayanka ka koma gidan Yaya, wai don kada ka sa mana ciwo. Haba, maigida! Wa ya gaya maka nisa da kai lafiya ce?

Ka tuna ranar ɗaukar hoto a asibiti? Ɗakin nan mai sanyin tsiya. Suka sa maka riga mai igiya a baya, ka miƙo mini agogonka da makullin mota. Wata ma'aikaciya ta yi maka allurar ruwan da ke haska hanyar fitsari, aka ce in jira a waje. Na ƙanƙame agogon, da sauran ɗumin jikinka a jikinsa.

Sai likita ya nuna mana a allo: mafitsararka ta tsuke, bangonta ya yi kauri, ga tabo a hanyar da ta taso daga ƙoda. Ya ce hoton da gwajin fitsari bakinsu ɗaya, tarin fuka ne. Ka ce masa ai ko tari ɗaya ba ka yi ba, wace irin fuka ce ta ɓata hanya ta gangara ƙasa? Kowa ya yi dariya, ni kuwa sai hawaye.

Ka san dalili? Wata bakwai kana tsayar da mota kowane rabin awa don yin fitsari, fasinjoji na tsaki, kana ganin jini kana cije leɓe, ni kuma ina zarginka a zuci cewa wajen wata ka kwaso cuta a hanya. Na ɗaure maka fuska, na daina yi maka sannu da zuwa. Wayyo ni! Hoton nan kai ya wanke, ni ya tona. Ka yafe mini, farin watana.

Ka dawo. Likita ya ce ƙirjinka fes yake, zamanka da mu ba komai. Wata shida na magani ne ya tsorata ka? Ni zan riƙa miƙo maka ƙwayoyin kowace safiya, ko ka ɓata rai. Na matsar da kujerarka kusa da ƙofar banɗaki, ka tashi sau ashirin ma, ba mai kallonka. Auta kullum tana leƙen hanya.

Gobe da hantsi zan tsaya a ƙofar gidan Yaya. Ba zan shiga ba, ba kuma zan koma ni kaɗai ba.

Taka, ba ta kowa ba, muddin ina numfashi,
Maman yaranka