Rumbun Kawu Illo a Jarida

Zuwa ga Yaya Abdu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa daga Tawa. Ina lafiyarka, ina iyali?

Aikin jarida ya kai ni Kalfu. Kawu Illo, wanda ko ɗansa ba ya leƙa rumbunsa, ya buɗe mini; babu ko dami. Ina gode wa Allah da ƴancin rubuta wannan, amma nauyinsa ya gajiyar da ni. Shugabana a Yamai ya ce labarin yunwa marar suna jita-jita ne, ba zai buga ba. Na koma wurin Kawu. Ya ce: "Sa sunana, ɗana. Amma fara gaya wa yayanka, kada ya ji a bakin baƙi."

To, na gaya maka. Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Mahamadu