Gashin da ke Cikin Gwangwanin Shayi

Ludhiana, 3 ga Maris

Zuwa ga ɗana Tarlochan,

Sat Sri Akal, gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Rupinder, da sanyin nan naku na Kanada. Ni dai gwiwa ce, sai kuma rashin sukunin da ka jawo mini.

Na ɗauki biro ne don in na kira ka, da na ambaci ɗanka Jaskirat sai ka ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Tochi. Rupinder ta gaya mini komai tana kuka. Yaro ya aske gashin kansa, ka watso masa kaya waje, yau kwana goma sha ɗaya yana raɓe a gidan abokinsa. Wai har ka ce masa, "Ni ƙarti suka danne ni suka yanke nawa, kai kuma da ƙafarka ka je shagon aski!"

Haba! Ni ma abin ya sosa mini rai, addininmu na Sikh ya hana aske gashi, wace kaka ce za ta so ganin jikanta ba rawani? Amma kai da kake miƙewa a gurdwara, ɗakin ibadarmu, duk Lahadi kana cewa sai Sikh sun sami ƙasar kansu inda ba mai korar su, kai ne ka kori ɗanka daga gida mai ɗaki huɗu?

Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya. Sau biyu ina ƙona madara. Jiya na taka kujera da wannan gwiwar, na sauko da wani gwangwanin shayi daga kan kabad, na buɗe, na rufe, na mayar. Don Waheguru Mahalicci ka kira yaron nan.

Mahaifiyarka,
Swaran Kaur

Ludhiana, 21 ga Maris

Ɗana Tarlochan,

Sat Sri Akal. Ina gaishe ka, ko da ba ka amsa waccan ba. Ya jikin Rupinder? An ce ta daina cin abinci.

Ɗan maƙwabcinmu da zai koma garinku zai kawo maka wannan takarda tare da gwangwanin. Ka karanta kafin ka buɗe shi.

Labarin yanke gashinka da kake ba jama'a, ni na ba ka shi, kuma ƙarya na yi. A Delhi, a shekarar tamanin da huɗu, kana ɗan shekara huɗu, ranar da aka bi unguwarmu ana kashe duk mai rawani, maƙwabciyarmu Kamla, 'yar Hindu, ta ja mu ɗakin girkinta. Babanka ya ƙi cire rawaninsa, ya fita, bai dawo ba, ka san sauran. Kamla ta ce, "Swaran, yi masa kitso ki ɗaura ƙyalle, mu ce mace ce." Na ce duk layin nan sun san ɗa namiji ɗaya gare ni. Sai ta miƙo mini almakashin ɗinkinta, ta juya baya.

Ba wani ƙato da ya danne ka. Ni na matse ka tsakanin gwiwoyina. Ka cije ni a hannu kana ihu, "Biji, Baba zai yi faɗa!" Tabon da nake ce maka na tukunya ne, haƙoranka ne. Da masu kisan suka leƙo suka ga yaro da aski, suka wuce. Gashin da na yanke ranar ne a cikin gwangwanin nan.

Da ka yi wayo ka tambaye ni wa ya yanke, kunya ta hana ni cewa ni ce. Ka ɗauki ƙaryata ka tsallaka teku da ita, kana sa dattawa hawaye, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Amma yanzu da ita kake dukan jikana, wannan kuwa ba zan iya gani ba.

Ban ce nawa da nasa ɗaya ba ne. Tsoro ya sa ni, shi kuma ban san me ya sa shi ba. Kai ka tambaye shi? Gashinka ya sake tsirowa saboda kana gida kusa da ni, ina shafa masa mai duk safiya.

Tikitin da ka aiko mini na bikin Vaisakhi yana nan, sauran kwana ashirin. Na haɗa akwati na kwance ya fi sau uku. Idan ƙofarka a rufe take ga wanda ya sa almakashi a gashin Sikh, ka faɗa mini tun ban hau jirgi ba, don ni na fara. Idan kuwa a buɗe take, Jaskirat nake so ya zo ɗaukata.

Ina gaida Rupinder. Waheguru ya sanyaya zuciyarka.

Bijinka,
Swaran Kaur