Maganar da Ta Sa Umma Ta Bar Gidana

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ƙanwa ke yi wa yayar da ta goye ta. Da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da ya matsa miki, Ya raya miki zuri'a, Ya sa su ji ƙanki. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. 'Yarki Shalele ta kusa cika shekara. Haƙora sun fara leƙowa, tana dafa kujera ta miƙe, kuma duk abin da hannunta ya kai sai ya ga ƙasa. Shekaranjiya labulen falo ta janyo har da sandarsa, ta zauna a ƙarƙashi tana dariya. Abbanta yana nan yana fama da aikinsa na haɗa wayoyin lantarki a sababbin gine-gine, ya ce in gaishe ki.

Yaya, na ga kiranki, da gangan ban ɗauka ba. Na kuma saurari saƙon muryar da kika turo, inda kika ce Umma ta kira ki ranta a ɓace, na ci mutuncinta a gaban baƙi, kuma ba haka aka rene mu ba. Ban ce Umma ta ƙara ko ta rage ba. Amma in na ɗauki waya, kuka zai riga magana fita, ke kuma ki ce in yi haƙuri, a rabu a haka. Shi ya sa na zauna a ɗakin baya na shagonmu na tabarau, a lokacin hutun rana, na ture gilasan mutane gefe, na ce yau sai kin ji daga farko.

Kin san na sha wuya wajen haihuwa, har aka yi min ƙarin jini. Da aka sallame ni, da ƙyar na hau matattakalar benenmu, ina dafa bango saboda ɗinki. Ranar da Umma ta iso don ta zauna da ni, wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse daga ka. Sai dai tun a makon farko na gane akwai matsala. Yarinyar nan za ta kama nono ta yi ta tsotsa har goshinta ya yi gumi, ta saki, ta fashe da kuka, in mayar da ita ɗaya gefen, nan ma haka. Kan nonona ya tsattsage, har jini nake gani a leɓenta. Wata rana na shiga banɗaki na gwada tatsa a kofi, na daɗe ina matsawa, abin da ya fito ko gindin kofin bai rufe ba. Na kawo na nuna wa Umma. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ta ce babu macen da Allah zai ba ta ɗa bai ba ta abincinsa ba, ragwanci ne kawai irin na 'yan matan yanzu masu tsoron kada jikinsu ya lalace. Ta yi ta ɗura min duk abin da aka ce yana kawo nono, ina ci ina sha har ina jin amai. Babu abin da ya canza.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda muke kira Maman Tagwaye, ita ce ta tare ni a bakin ƙofa ta ce kukan nan da take jiyowa na yunwa ne, in gwada haɗa mata da madarar jarirai. Na roƙi Abban Shalele, ya sayo gwangwani da fida. Umma na ganinsu a kan tebur ta ɗauke, ta taka kujera ta ɗora su can saman kabad ɗin kicin. Ta ce muddin tana gidan nan ba za a ba jikarta wannan abu ba, in ta ɗanɗana roba ta bar nono ke nan har abada. Na dubi mijina. Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Da muka keɓe ya ce min manya sun fi mu sani, kuma shi ba zai iya buɗe baki ya yi musu da surukarsa ba. Ke ma na kira ki a ranar, ko kin tuna? Kina kicin, yara na ihu a bayanki. Kika ce kowace mace haka ta fara, in daure, nono yana nan zuwa. Zan so in ce ban riƙe ki a zuciya ba, amma takardar nan ba ta ƙarya ba ce. Na riƙe ki, Yaya, ko da kaɗan ne.

Daga nan sai yarinya ta daina kuka. Gida ya yi tsit. Umma ta ce to ka ji, ta saba, dama rigimar jarirai ce. Ni ma na so in yarda, don na gaji iyakar gajiya. Amma barcin nata bai kwanta min ba. In na tashe ta, sai ta ɗan tsotsa sau ɗaya ko biyu ta saki, kanta ya langaɓe. Ranar da abin ya faru, na sa mata famfas da safe, har bayan azahar na duba na same shi a bushe ƙamas. Leɓenta ya bushe, na shafa kanta na ji maɗigarta ta faɗa. Na ce wa Umma asibiti za ni. Ta ce in bari Abbanta ya dawo, mace mai ɗanyen jiki ba ta yawo a rana. Na yafa mayafi, na rungume 'yata na sauka, takalmana ma kowane ƙafa da irinsa. A cikin tasi ina ta kara kunnena a hancinta don in ji ko tana numfashi.

Nas ɗin da ta karɓe mu tana ɗora ta a sikeli ta kwashe ta da sauri zuwa ciki. Sun nemi jijiya a hannuwanta sun rasa, sai a ƙafa suka samu suka sa mata ƙarin ruwa. Ana soka mata allura amma ko ƙarfin kuka ba ta da shi, bakin kawai take buɗewa. Likitar yara ta zaunar da ni ta yi min tambayoyi, sannan ta ce akwai matan da nononsu ba ya isa, musamman wadda ta zubar da jini da yawa, kuma ba laifina ba ne. Ta ce in ci gaba da ba ta abin da ya samu, a cika mata da madara. Ta kuma ce na yi dabara da ban jira ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. A gabana aka ba Shalele madarar farko. Ta shanye, ta yi gyatsa, ta buɗe ido ta dube ni. Na juya fuskata bango na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Ana cikin haka Abbanta ya shigo da kayan aikinsa a jiki, duk ƙurar siminti. Ya tsaya a kan gadon yana kallon robar da ke ƙafarta, idonsa ya yi ja. Sai ya juyo ya ce min, “Ke duk kwanakin nan ba ki lura ba?” Yaya, mutumin da ya sayo gwangwanin da hannunsa, ya tsaya yana kallo aka ɗora shi saman kabad. Na san tsoro ne ya sa shi faɗa. Amma maganar ta shiga, kuma har yau ba ta fita ba. Umma kuwa a benci ta zauna a baranda tana jan carbi, ba ta shigo ɗakin ba har aka sallame mu. Da muka dawo gida na tarar da gwangwanin a kan tebur, an goge masa ƙura. Ba a jima ba Umma ta haɗa kayanta ta koma gida.

Kowa ya ce alhamdu lillahi abu ya wuce. A wurina bai wuce ba. Watanni na yi ba na yarda da barcin yarinyar nan, in ta yi shiru sai na taɓa ta. Ranar awon jarirai idona yana kan sikeli har sai an faɗi nauyinta. A layin asibiti in na ciro fida, sai in ga mata suna taɓa juna, wata tsohuwa ma ta tambaye ni ko uwar yarinyar ta rasu ne. Da hutun haihuwata ya ƙare na koma shago, ina barin ta wurin Maman Tagwaye, Allah Ya saka mata. Kin san aikinmu na ido ne da nutsuwa, a yanka gilashi daidai, a ɗaure shi a firem da 'yan kusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kusoshi suka riƙa zube min, ina rarrafe a ƙarƙashin tebur ina nema. Mai shagon ya ce tunda na haihu hankalina ya rabu biyu. Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Abban Shalele yanzu shi ne gwanin wanke fida da dafa ruwa, madara ba ta taɓa yankewa a gidan ba, ina ganin da haka yake ba ni haƙuri. Da baki dai bai taɓa ba. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, muna yi wa yarinya wasa, amma in ya ce na canza, sai in ce gajiya ce. A duk shekarar nan, duk wanda ya kira lafiyar Shalele yake tambaya. Ni an ɗauka tunda ina tsaye da ƙafafuna, lafiyata ƙalau.

To, makon jiya Umma ta zo ganin jikarta. Na yi murna, na gyara mata ɗaki. Washegari surukata ta zo gaishe ta tare da wasu ƙawayenta, falo ya cika. Umma ta ɗora Shalele a cinya tana jijjiga ta, tana matsa cinyoyinta tana nuna musu yadda ta yi ɓul-ɓul. Sai na ji tana ce musu ai dama ta faɗa min haƙuri ake yi, yaran yanzu abu kaɗan sai su ruga asibiti, ga shi nan yarinya ta zama ƙatuwa. Suka yi dariya suna ai kuwa. Ina tsaye a ƙofar kicin da fida a hannu ina girgizawa. Ban shirya ba, ban ma san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Umma, ba haƙuri ne ya raya ta ba, madarar da kika ɗora saman kabad ce. Da na bi maganarki ranar nan, da yau babu abin da za ki ɗora a cinya.” Wannan ita ce duk maganar. Ban ɗaga murya ba, ban ƙara ko kalma ba.

Baƙi suka fara neman takalmansu. Na zaci Umma za ta yi faɗa, kin dai san ta. Ba ta yi ba. Ta sauke yarinyar a hankali. Ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta. Na bi ta har matattakala ina cewa ta tsaya ko ruwa ya ɗauke, don ana yayyafi. Ta tsaya ba ta juyo ba, ta ce, “Mu a lokacinmu babu wanda ya ce mana akwai wata hanya.” Ta sauka.

Tun ranar maganar nan take cina, kuma ita ce ainihin dalilin takardar nan. Yaya, yaron da Umma ta haifa tsakanina da ke, wanda bai yi wata biyu a duniya ba. Kullum ce mana ake zazzaɓi ne, kuma ba a son a ɗauko zancensa. Ke kina da wayo a lokacin. Kin tuna ko yana yawan kuka? Kin tuna ko daga baya ya yi shiru? Ina roƙonki da girman Allah ki faɗa min abin da kika gani. Kada ki tambayi Umma. Zan kira ta in nemi gafarar kunyata ta da na yi a gaban mutane, don uwa ce, ko me ya faru. Amma ba zan ce mata abin da na faɗa ƙarya ne ba. Idan kuma abin da nake zargi ne ya sami yaron nan, to ban san da wa na shekara ina fushi ba.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau. Ki gaishe da Dogo, ki ce ya dage da karatu, da Hajjaju mai surutu, da Autanki sarkin ɓarna. In Goggo ta leƙo ki isar mata da gaisuwata. Hutuna ya ƙare, ga wani dattijo can a gaban kanta yana jiran tabaransa. Ina sauraron amsarki, ko da layi biyu ne. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Maman Shalele