Kujerar Gaba

Jega, ranar Litinin

Zuwa ga aminina Alhaji Rufa'i mai albasa, Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya damina? Takarda na aiko maka ta hannun direbobin tasha kamar kullum, don ka san ƙarar inji ta cinye mini kunne. In aka kira ni a waya sai in yi ta "iye, iye" har mai kiran ya gaji.

Rufa'i, motar ta iso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ka tuna na gaya maka Sagir dillali ya nuna mini hoton gaban wata mota a wayarsa, ya ce sabuwar 'yar Faransa ce. Ni kuwa da na ji Faransa ban ƙara tambayar komai ba. Mu da muka tashi cikin Fijo 504, in an ce mota Bafaranshiya ce ai an gama magana: doguwa, kujera layi uku, baya mai cin buhunan albasa har da akuya. Nan take na miƙa masa doguwar Fijon marigayi Baba, na ɗora masa da filina na bakin hanya.

Da aka sauke ta a tasha sai na kama zagayen ta ina neman sauran ƙofofin. Babu su. Ƙofa biyu ce tak, kowace da tsawonta kamar ƙyauren shago. Rufin kuwa tun daga kan direba ya fara gangarowa, kafin ka ankara mota ta ƙare, sai ka ce an sa wuƙa an datse mata gindi. Fitilun gaba wasu 'yan tsiririn abubuwa ne kamar tana hararar mutum. Na sunkuya zan shiga, rufi ya tuɓe mini hula, ta faɗa cikin taɓo a gaban yaran mota. Ni Labbo, da na yi shugabancin direbobi a tashar nan!

'Yan majalisarmu ta masoya motocin Faransa duk sun hallara. Bashar mahauci ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Labbo, wagga ɗiyar mota ta, ina uwat tata?" Wani ya ce kwaɗo ne ya yi shirin tsalle. Har yanzu ban dawo daidai ba, tuwon jiya ma kasa ci na yi.

Don Allah kada maganar nan ta kai Maiyama. Ƙanwata Zaituna tana da rabo a motar Baba, kuma ban shawarce ta ba. Mahaifiyarmu Inno kuwa, da ke zaune wurinta, ka san tun rasuwar Baba ba ta shiga wata mota sai wannan.

Ka huta lafiya. Naka,
Labbo Direba


Aliero, ranar Talata

Zuwa ga Labbo, sarkin cinikin biri a sama.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai cikina da ke ciwo saboda dariya. Hajiya ma ta ce in yi maka jajen hula.

Ai kowa ya hau motar kwaɗayi an san tashar da yake sauka. So ka yi ka shigo majalisa da abin da babu mai irinsa, to ga shi Allah ya amsa.

Amma bari in gaya maka gaskiya, ko da za ka ji haushi. Ni na sha kallon sababbin motocin Faransa a waya, kuma duk haka suke yin su yanzu. Wasu guntaye ne masu ƙofar baya da ke ɗagawa sama, wasu irin taka ne masu ƙofa biyu. Mutanen can sun daina haihuwa da yawa, kuma ba su noman albasa, to me za su yi da layi uku? Ni wallahi gangarowar rufin nan tana burge ni, har da hararar fitilun. Abin da ya ba ni tsoro sitiyarin ne, ɗan mitsitsi kamar faifai. Ku 'yan Jega matsalarku ita ce, in mota ba ta yi kama da akwatin lefe ba sai ku ce ba mota ba ce.

Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne motar Baba. Ban ji daɗi ba, Labbo. A cikinta na koyi tuƙi, a cikinta aka kai amaryata. Bakina a rufe yake, amma zancen da ya shiga tasha ya riga ya hau mota. Ka je ka faɗa wa Zaituna da bakinka.

Amininka,
Rufa'i


Maiyama, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Labbo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Yaya Aliya da yara. Ka yi haƙuri, gaisuwar gajeriya ce.

Inno ta faɗi da safen nan. Santsin ruwan sama ne ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa. Wani dattijo a unguwarmu ya ɗaure mata ita da kara tun daga cinya har dunduniya, amma ya ce wannan karaya ta fi ƙarfinsa, sai masu ɗorin Aliero. Ya ce kada a bari ta wuce gobe, in ƙashi ya fara kamawa a karkace sai an sake karya shi, kuma tsohuwa ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Na samo motar haya har ƙofar gida. Ta ce ko gawarta ba ta yarda a sa a motar haya ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari, har yau ba ta kama sunanka, cewa ta yi, "A aika ma mai mota shi taho da ta Malam." Motar Baba take nufi. Na yi roƙo, na yi kuka, ta juya fuska bango.

Ka cire kujerun baya ka shimfiɗa katifa yadda aka saba. Ina zuba ido, Yaya.

Ƙanwarka,
Zaituna


Jega, Alhamis da la'asar

Rufa'i,

Salamu alaikum. Ga takardar Zaituna nan na haɗo maka, ka karanta da idonka.

Na je wurin Sagir kamar mahaukaci. Ya ce tun shekaranjiya ya sayar da motar Baba ga wani mai jigilar shinkafa a Gehuru, ko lambar wayarsa ba shi da ita. Na dawo na tsaya ina kallon abar nan. Kujerar bayanta ko ɗan yaye sai ya naɗe ƙafa. Ina zan sa tsohuwa da ƙafa a miƙe kamar taɓarya?

Don girman Allah ka bar duk abin da kake yi ka nufi Gehuru. Kai ka iya magana da mutane, ni yau ihu kawai zan yi. Duk abin da mutumin ya ce na yarda. In Inno ta gurgunce saboda son burgata, ban san da idon da zan dubi Baba ranar gobe ƙiyama ba.

Labbo


Gehuru, Juma'a da sassafe

Labbo,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inno lafiya, ya sa kaffara ne.

Na samu mutumin, kuma mutumin kirki ne. Amma motar ba ta nan, ta tafi kai kaya wajen Kamba, sai Lahadi ake sa ran ta. Ya yarda ya saki in Sagir ya mayar masa da abinsa. Na kira Sagir, ya ce akwai wani matashi a Birnin Kebbi da ke mutuwar son taka, don haka za a iya warware cinikin gaba ɗaya ranar Litinin. Zan tsaya nan har in ga motar da idona.

Amma ƙashi ba ya jiran Litinin. Ka tashi yanzu da abin da ke hannunka. Ta ce ba ta shiga motar haya, to wannan ba ta haya ba ce, ta ɗanta ce. Ka je ka durƙusa ka faɗi gaskiya. Zagin Zaituna ba ya karya ƙafa.

Rufa'i


Jega, ranar Asabar

Zuwa ga aminina Rufa'i, a Gehuru.

Assalamu alaikum. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci. An ɗora ƙafar jiya bayan Juma'a, mai ɗori ya ce mun zo a kan gaɓa. Alhamdu lillahi. Amma bari ka ji yadda aka yi, don ni har yanzu kamar a mafarki nake.

Da na tsaya a ƙofar gida Zaituna ta fito, ta dubi motar, ta dube ni, ta leƙa bayana ko wata na tafe. Da na faɗa mata sai ta ɗora hannu a ka. "Yaya, motar Baba kab bayas? Kan wanga takalmi?" Sauran abin da ta faɗa na gode wa Allah da ya yi ni kurma.

Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, na faɗa wa Inno komai. Ba ta dube ni ba, dama ba ta saba ba.  Can ta ce wa Zaituna, "Tashi ta ko ta haya?" Zaituna ta ce tawa ce. Ta ce, "To a ɗauke ni."

Nan ido ya raina fata. Baya ba ta shiguwa, ko an yi yaya. Mata sun cika ƙofar gida suna salati, wani maƙwabci har ya fara zancen a ɗora ta a amalanke. Ina cikin lalube sai hannuna ya taɓa wani ƙarfe a ƙarƙashin kujerar gaba, kujera ta zame baya har ƙarshe, na kwantar da jinginar. Sannan na wangale ƙofar nan da muka yi ta yi wa dariya. Rufa'i, saboda tsawonta aka shigar da Inno da ƙafarta a miƙe, ko kara ɗaya bai taɓa ƙarfe ba. A motar Baba sai mun turo ta ta baya kamar buhu.

Sai da aka rufe ƙofa kowa ya gane abin da ya faru. Inno ce a gaba, kafaɗarta kusa da tawa. Matar da tun ina yaro ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba! Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Zaituna kuwa muka cusa ta baya, gwiwoyinta a haɓa, tana ta mita har Aliero.

Na yi tuƙin da ban taɓa yi ba, kamar mai ɗauke da ƙwai.  Na ga dai Inno tana kallon hanya, wani lokaci kuma ina jin idonta a gefen fuskata, in na waiwaya sai ta kawar da kai. Na san fushi ne, kuma ta yi gaskiya.

Suna gidan mai ɗori ita da Zaituna, za su kwana biyu a can. Ka riƙe mutumin nan da kyau. Litinin in Allah ya kai mu zan miƙa wa Sagir makullinsa, in mayar wa Inno motar mijinta, ko na samu ta yafe mini.

Naka har kullum,
Labbo


Aliero, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Labbo.

Assalamu alaikum. Inno ta samu barci, kumburin ma ya fara saɓewa. Ni dai ban huce ba, maganar rabona tana nan, za mu yi ta. Amma aike aka ba ni.

Na gaya mata gobe za ka mayar da ƙaramar ka karɓo ta Baba, ina zaton za ta yi murna. Sai ta ce in ɗauko takarda in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara:

"A ce ma mai mota kash shi maida ta. Tun ina amarya baya aka aje ni, cikin warin albasa. Ƙeyar Malam ni ka gani har yar rasu, sannan ƙeyar wanga. Shekaranjiya niƙ ƙyalla ido nig ga hanya tana tahowa, ban san haka take da kyawo ba. Kuma nig ga huskatai. Ashe har ya yi hurhura, ba wanda yag gaya min."

Daga nan ta yi kuka, ni ma na yi.

Ta ce ranar da za a kwance ɗori ka zo da ƙaramar motar, kuma ka aske gemun nan, ya yi maka yawa ta gefen dama. Ni kuma ka nemo mini motar haya, bayan motar nan taka ba na mutane ba ne.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zaituna