A Ɗauki Hoton Zuciyar Yayana a Yadda Yake Kwance

Zuwa ga Shugaban asibitin da yayana ke jinya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Sunana Lawal, ina tuƙin mota tsakanin Jibiya da Maraɗi. Yayana Sani, da muke uwa ɗaya uba kowa da nasa, ɗan dako ne a bakin boda. Ana gab da azumi jarkar fetur ta kama da wuta yana ɗauke da ita, bayansa ya ƙone daga wuya har ƙugu. Tun ranar yake kwance rub da ciki, mutumin da muna yara in ya gan ni a haka sai ya tashe ni, ya ce addini bai son wannan kwanciya.

Ga kukana.

Na ɗaya, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Likitanku ya ce sai an ɗauki hoton zuciya zai san maganin da zai ba shi. Mai hoton kuma ya kafe sai Sani ya juya.

Na biyu, mun bi umarni mun juya shi. Fatar da ta fara haɗewa ta tsage, ya yi ihun da har yau yake kunnena. Hoto bai samu ba, jinya ta dawo sabuwa, aka ce mu jira ya warke. Yaya zai warke da zuciyar da ba a duba ba?

Na uku, wata likitar Maraɗi da na ɗauko a motata ta shaida mini ana wannan hoto mutum na rub da ciki. A tokare kafaɗar hagu da matashi, a ɗaga hannun, a sa kan na'urar ta gefen ƙirji. Ta ce ko bai fito tsaf ba, yana nuna abin da ake nema. Na kai wa ma'aikatanka maganar, aka tambaye ni inda na yi karatun likita. Wallahi raina ya ɓaci.

Ina roƙonka ka turo wanda ya iya, ko ka ba mu takarda mu tafi inda ake yi. A kuma koya wa ma'aikatanka, don ba a kan Sani ƙuna za ta ƙare ba.

Kullum sai na durƙusa nake ganin fuskarsa, ya tambaye ni ko yau za a duba. Na gaji da ce masa gobe.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka daga irin wannan kwanciya.

Wassalam.
Lawal direba, Jibiya