Ƙarfe a Cikin Kajin Ammu Jibrin

Hayyin Ashir, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Ya'ƙub,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ciwon ƙafarta, da Anti Nuha da yara. Ni jikina lafiya, raina ne a ɓace. Rubutu na zaɓa saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, ni kuma in na fusata in'ina ke kama ni.

Ka san aikin da ka roƙar mini wurin abokinka Bash-muhandis Amjad, babban injiniyan masana'antarmu: duba ingancin kaya kafin su fita. Abin da muke ƙerawa yanzu karanshaf ne, ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juyawa a tsakiyar inji. Wani kamfani na ƙasar sanyi ya ba mu kwangilar, za a sa shi a sababbin baburan da ake hawa a kan dusar ƙanƙara. Duk masana'antar babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara, har ni.

Ƙarfen da aka yi oda bai iso ba, sai Amjad ya sa aka yi aikin da wanda muke yi wa injin ban-ruwa. Ya ci kowane gwaji, ni na yi da hannuna. Amma a ɗakin da zafinsa ya kai digiri talatin da takwas aka yi, baburan kuwa a talatin ƙasa da sifili za su yi gudu. Akwai ƙarfen da sanyi ke mayarwa kamar gilashi. A aji biyu na jami'a aka koya mana wannan.

Na yanko guntaye biyu daga wani karanshaf da aka ware. Ɗaya na bari a aljihun tebur, ɗaya na kai firizar Ammu Jibrin, Bahaushen Sudan da ke sayar da daskararrun kaji a ƙasan gidanmu. Washegari na taho da shi cikin kula na sa su duka biyun a injin guduma da muke gwada taurin ƙarfe da shi. Na teburin ya lanƙwashe bai karye ba. Na cikin kajin ya tsinke gida biyu, bakinsa yana ƙyalli kamar sukari.

Na nuna wa Amjad. Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce tun ban iya tsarki ba yake ƙera karanshaf, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Yanzu a masana'antar sunana Injiniyan Kaji. Ana jiran tambarina a kan akwatunan, kuma ka san iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a wuyan aikin nan take rataye. Ban buga ba.

Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Ja'afar

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Na ji saƙonka na murya, na kuma maimaita shi don kada in yi maka ƙarya a kan abin da ka ce. Ka ce ɗanyen kai ke damuna, ka ce na kunyata ka, ka ce in je in ba Amjad haƙuri in buga tambari, Turawan ai suna da nasu injiniyoyin. Ko sau ɗaya ba ka tambayi yadda ƙarfen ya karye ba.

To ga yadda zai karye. Mutum yana gudu a daji, nesa da gari, inji ya daskare tun asuba. Karanshaf ya tsinke, inji ya cije nan take. In bai faɗi ya karya wuya ba, ya tsaya a inda sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Ban san sunansa ba, amma shi ma yana da uwa mai jiran sa.

Ina tsoro, kada ka ɗauka jarumta ce. Na sake lissafina har idona ya yi ja, ina addu'ar a ce ni na yi kuskure. Firizar ma digiri goma sha takwas ƙasa da sifili take tsayawa, ba ta kai sanyin can ba, amma ƙarfen ya karye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ka gaya wa Inna cewa rashin kunya nake wa manya. Ta kira ni tana kuka. Wannan ba daidai ba ne, Yaya.

Zan je in ba shi haƙuri tunda ka ce. Tambari dai ba zan buga ba.

Ja'afar

*

Yaya Ya'ƙub,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ƙafar Inna kuma da sauƙi.

Na ba shi haƙuri. Ya ce ma'alish, wato ba komai, amma sai ya koya mini darasi a gaban kowa. Da kansa ya zaɓi karanshaf daga akwati, ya sa aka yanka, ya kwanar da guntun a firizar ofishinsa don kada a ce kajin ne suka yi masa asiri. Da safe ya tara ma'aikata, wani har yana kwaikwayon carar zakara a bayana. Shi ya saki gudumar da hannunsa. Rabin ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa gaban takalminsa.

Ya ɗauka, ya daɗe yana jujjuya guntun a tafinsa, sannan ya ce a sauke akwatunan daga mota, ba za su tafi tashar jirgin ruwa ta Iskandariyya ba.

Kafin azahar aka kira ni ofis. Laifina shi ne na fitar da kayan masana'anta zuwa shagon kaji ba da izini ba. Hakan ya faru, ban musa ba. Khalas, shi ke nan, an sallame ni. Amjad bai ɗago ya dube ni ba. Iƙamata za ta ƙare a ƙarshen wata, don haka ina nan tafe gida.

Kai babba ne, ba zan ce ka ba ni haƙuri ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kai ka faɗa wa Inna cewa na yi rashin kunya, to kai za ka koma ka faɗa mata sauran, kafin in sauka a Kano. Guntun ƙarfen yana cikin jakata, in kana son ganin sa.

Ƙaninka,
Ja'afar